Da Gmail ya rufe ƙaramar ƙofa: yadda makafi suka sake zaɓen burauza da manhajar imel

A watan Satumba na 2023 kamfanin Google ya ƙara 'yan layuka a shafinsa na taimako, ba tare da wata hayaniya ba. Layukan sun ce daga Janairun 2024 za a daina amfani da sassauƙar fuskar Gmail, wadda kamfanin ke kira Basic HTML, kuma duk wanda ya saba shiga ta nan za a juya shi kai tsaye zuwa fuskar da kowa ya sani. Daga baya aka ɗaga wa'adin zuwa Fabrairu. Da lokacin ya yi, aka rufe.

Yawancin masu Gmail ba su ma san da wannan fuskar ba. Wanda ya taɓa ganinta, wataƙila ranar da netwok ya yi masa gardama ne, ya hangi ɗan rubutu a ƙasan allo yana yi masa tayin buɗe mai sauƙin. Shafi ne tsurarsa: saƙonni jere a cikin tebur, kowanne da ɗan akwatin zaɓa a gefensa, sai mahaɗai kaɗan na shiga akwatin saƙo da na rubuta sabo. Babu hira, babu mai duba kuskuren rubutu, babu ƙawata haruffa. Hujjar Google ita ce tsohon yayi ne da aka maye gurbinsa fiye da shekara goma da suka wuce, kuma ba ya ɗauke da duk abubuwan da Gmail na yanzu yake da su. Wannan gaskiya ne. Sai dai rashin waɗannan abubuwan shi ne ainihin abin da ya sa makafi da yawa suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Mai gani yana ɗaukar allo gaba ɗaya a kallo guda, idonsa ya tsallake talla da maɓallan da ba ruwansa da su, ya sauka kan abin da ya zo nema. Makaho ba haka shafi ke zuwar masa ba. Manhajar karanta allo tana miƙo masa shi ne a jere, kalma bayan kalma, ko dai ta murya ko ta na'urar Braille da ke nuna layi ɗaya rak, galibi mai gurbin harafi 40. Kowane maɓalli da aka ƙara a shafi, ƙarin abin saurare ne kafin a kai ga saƙo. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne shafin da ke sauya kansa kana cikin karatu: ka ajiye hankalinka a layi na bakwai, wani abu ya faɗo daga sama, ka rasa inda kake. Sassauƙar fuskar ba ta motsi sai ka taɓa ta.

Waɗanda abin ya shafa

Kashi biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Kashi na farko, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, masu Windows ne da ke aiki da manhajar karanta allo ta JAWS ko NVDA a kan Chrome, Firefox ko Edge. A binciken da cibiyar WebAIM ta jami'ar jihar Utah a Amurka ta yi tsakanin Disambar 2023 da Janairun 2024, mutum 1,539 suka amsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suka ce JAWS ce babbar manhajarsu, kusan kashi 38 NVDA, kusan kashi 10 VoiceOver ta kamfanin Apple. Waɗannan burauzarsu tana iya buɗe kowace fuska. Sun zaɓi mai sauƙin ne don sauri: ka danna harafin x ka yi tsalle daga akwatin zaɓa zuwa na gaba, ka ji sunan mai aikowa da kan magana, ka wuce.

Kashi na biyu 'yan ƙalilan ne, amma su ne suka fi jin jiki. Su ne masu aiki a baƙin allon Linux, inda babu hoto babu linzami, sai rubutu da umarni. Kayan aikinsu sun girmi Gmail, wanda aka buɗe a 2004. Akwai Speakup, mai karanta allo da Kirk Reiser da abokan aikinsa suka gina a cikin zuciyar Linux ita kanta, ta yadda kwamfuta za ta fara magana tun tana tashi. Akwai BRLTTY, wadda tun 1995 take haɗa baƙin allo da na'urar Braille. Akwai Emacspeak, mai sa editan rubutu na Emacs ya yi magana, wadda T. V. Raman ya fitar a 1995. Shi ma makaho ne, kuma abin ban sha'awa, a 2005 ya koma aiki da Google. A saman waɗannan duka ake ɗora burauza ta zallar rubutu, kuma babbar yayarsu ita ce Lynx, wadda Lou Montulli da Michael Grobe da Charles Rezac suka fara a jami'ar Kansas a 1992. Har yanzu Thomas Dickey yana kula da ita. Sigarta ta 2.9.0 ta fito a Janairun 2024, daidai lokacin da ake shirin rufe mata ƙofar Gmail.

Wanda bai taɓa jin Lynx tana aiki a hannun gwani ba zai yi zaton wahala ce zalla. Ba haka ba ne. Saiti biyu ake fara gyarawa. Na farko shi ne SHOW_CURSOR, wanda ke sa manunin rubutu ya tsaya daidai kan mahaɗin da kake kai. In ba a kunna shi ba, Lynx tana ɓoye manunin a kusurwar allo ta bar launi kawai ya nuna wuri, mai karanta allo kuwa manuni yake bi, ba launi ba. Na biyu shi ne a sa wa kowane mahaɗi da kowane gurbin cikewa lamba. Daga nan sai shafi ya zama kamar haka a kunne: lamba 12, labarai, lamba 13, wasanni, lamba 14, tuntuɓe mu. Ka buga 13 ka danna Enter, ka isa. Harafin g na buɗe sabon adireshi ne, alamar / ta neman kalma, kibiyar hagu ta komawa baya. Babu talla mai kunna kanta, babu bidiyon da zai danne muryar da kake saurare. A kan tsohuwar kwamfutar da ko Chrome ba za ta iya ɗauka ba, shafi yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani suna da hujja a nan.

Rauninta guda ne, kuma babba ne: Lynx ba ta gudanar da JavaScript. Wannan shi ne harshen ƙananan shirye-shiryen da shafi ke aiko wa burauza don ta gudanar da su a kwamfutarka. Da can ado ne kawai. Yanzu shafuka da yawa suna isowa ne fanko, sai JavaScript ya gina abin da ke ciki. Burauzar da ba ta jin harshen, fankon kawai za ta gani.

Matsin bai fara a 2024 ba

A ƙarshen Oktoban 2018 Google ya sanar cewa shafinsa na shiga asusu zai riƙa buƙatar JavaScript, don ya iya tantance ko mai shigar ɓarawo ne. Ya ce kashi 0.1 cikin 100 ne kawai ke kashe shi. Daga ranar 30 ga Mayun 2022 kuma ya daina barin manhajojin waje su shiga Gmail na ɗaiɗaikun mutane da sunan asusu da kalmar sirri kawai. Rufe sassauƙar fuska shi ne na uku. Ba Google kaɗai ba: Microsoft ya daina karɓar shiga da kalmar sirri zalla ga masu Outlook.com da Hotmail daga 16 ga Satumban 2024.

Ba na cikin masu cewa mugunta ce. Satar kalmar sirri babbar annoba ce, kuma makaho ma ana sace masa asusu kamar kowa. Kula da tsohuwar fuska kuma kuɗi ne da ma'aikata. Abin da nake ganin kamfanin ya yi sakaci a kai shi ne lissafin da ya tsaya a kan kaso. Kashi 0.1 ƙaramin abu ne a takarda, amma ba a tambayi su wane ne ke cikinsa ba, da kuma ko suna da wata hanyar in an toshe wannan. Mai gani da aka juya zuwa sabuwar fuska ya yi tsaki ya ci gaba. Dattijon da ya yi kusan shekara ashirin hannunsa ya haddace hanya ɗaya, kuma da imel yake karɓar aikinsa da takardun asibitinsa, shi komawa aji ɗaya ya yi.

Hanya mafi kusa ga masu Windows ita ce su koyi sabuwar fuskar, kuma masu koyar da JAWS da NVDA sun duƙufa shirya darussa a kan haka a watannin. Tana aiki, amma da wata dabara dabam. Sai ka shiga saiti ka kunna gajerun hanyoyin madannai, sannan ka ce wa mai karanta allonka ya sakar wa shafin madannan: a NVDA maɓallin NVDA da Space, a JAWS Insert da Z. Daga nan j da k su ne sauka da hawa tsakanin saƙonni, c rubuta sabo, r ba da amsa, g sannan i komawa akwati. Wahalar ita ce tunawa da yanayin da kake ciki a kowane lokaci, domin harafi ɗaya yana da ma'ana biyu: k a hannun Gmail saƙon sama ne, a hannun NVDA kuwa mahaɗi na gaba. Matasa sun saba cikin kwanaki. Wasu kuma suka ga ba za su iya wannan rawar ba, suka koma Thunderbird ko Outlook, inda saƙonni ke zuwa a jeri ana binsu da kibiya.

Masu baƙin allo ba su da wannan zaɓin kwata-kwata. Dole suka raba abin da a da yake haɗe: karanta imel dabam, yawo a intanet dabam. A nan ne darasin lamarin yake, domin ɓangarorin biyu ba su ƙare iri ɗaya ba.

Imel ya tsira

Dalilin tsirarsa shi ne imel bai dogara da shafi ba. Yana da ƙa'idojinsa na fili da kowa zai iya bi: IMAP na karanta saƙo daga sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye saƙonnin, SMTP na aikawa. Duk manhajar da ta iya waɗannan za ta buga wa imap.gmail.com ƙofa ta lamba 993 ta karɓo saƙonni, ba ruwanta da yadda aka yi wa shafin Gmail fenti. Manyan 'yan takara biyu ne, Alpine da Mutt.

Alpine magajiyar Pine ce, wadda jami'ar Washington ta yi wa ma'aikata da ɗalibanta da ba su ƙware a kwamfuta ba. An fitar da Alpine a ƙarshen 2007, kuma Eduardo Chappa ne ke riƙe da ita yanzu. Gadon nan na sauƙi yana nan: a ƙasan kowane allo akwai layi biyu da ke faɗa maka maɓallan da za ka iya dannawa, saiti kuma ana yinsa ne a cikin manhajar, ba sai ka buɗe fayil ka rubuta ba. Makaho zai kunna Show Cursor, ya mayar da jerin manyan fayiloli layi ɗaya maimakon a baje su gefe da gefe, in hannunsa ya faɗa kuma ya kashe layukan nan biyu don kada a riƙa maimaita masa su. Tana kuma karanta saƙon da aka tsara kamar shafin intanet da kanta, ba ta neman taimako.

Mutt, wadda Michael Elkins ya fara a 1995, halinta dabam. Ba ta tambayarka komai, ba ta kuma koya maka komai. Fayil ɗaya za ka buɗe mai suna .muttrc ka rubuta yadda kake so ta kasance. Amma a cikin abubuwan da za ka iya rubutawa akwai waɗanda don makafi aka yi su. Layin set braille_friendly yana ajiye manuni a farkon layin da kake kai, inda na'urar Braille za ta same shi. Layin set arrow_cursor yana sa 'yar kibiya maimakon launi. Da index_format kuma za ka sake jera abin da ake karanta maka a kan kowane saƙo. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A yadda ta zo, kowane layi yana farawa ne da lamba, da alamomi, da kwanan wata, kafin suna, da girman saƙo, sannan kan magana. Mai gani ba ya ko lura. Mai saurare da ke da saƙo ɗari zai ji wannan jerin sau ɗari. Ka sa suna da kan magana a gaba, ka rage rabin zaman.

Saƙon da aka tsara kamar shafi kuwa, wanda shi ne yawancin abin da bankuna da kamfanoni ke aikowa, Mutt miƙa shi take yi ga wata manhajar. Layi ɗaya ake sawa a fayil ɗin .mailcap da ke cewa a tura irin wannan saƙon ga lynx -dump, a dawo da shi zallar rubutu da mahaɗansa jere da lambobi a ƙasa. Wato Lynx da aka kora daga shafin Gmail ta ci gaba da karanta saƙonnin Gmail ta bayan gida.

In za a tambaye ni, wanda ya taso daga sassauƙar fuska ya fara da Alpine. Mutt ta wanda yake jin daɗin gyare-gyare ce, ko wanda ke da aboki gwani da zai ba shi nasa fayil ɗin ya kwafa. NeoMutt, reshen da ya ɓalle daga Mutt, ba ta sauya wannan lissafin ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mabuɗi. Tun da aka hana shiga da kalmar sirri ta yau da kullum, hanya biyu ta rage. Ta farko ita ce kalmar sirri ta musamman da Google ke bayarwa don manhaja guda, mai harafi 16. Kafin a ba ka sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, abin da ke buƙatar waya ko makamancinta, kuma shafin da ake karɓarta ba ya buɗewa a Lynx. Sau ɗaya ake nuna haruffan. In ka rufe shafin ba ka kwafa ba, sai ka nemi sababbi. Ka yi tunanin mutumin da ba shi da burauzar zamani mai magana: dole ya kira wani mai gani ya zauna masa, ya karanto masa harafi-harafi. Wanda ya karanto ɗin kuwa ya ga mabuɗin akwatinsa. Tsarin da aka kawo don tsaro ya tilasta wa mutum ya buɗe sirrinsa ga maƙwabci. Ranar da ka sauya babbar kalmar sirrinka kuma, duk waɗannan ƙananan sun mutu, sai a sake zama.

Hanya ta biyu ita ce OAuth, inda manhaja ke karɓar takardar izini daga Google maimakon kalmar sirri, tana sabunta ta da kanta. Alpine da Mutt duk sun iya. Mutt tana zuwa da ɗan shiri mai suna mutt_oauth2.py don wannan aikin. Amma a Gmail sai mutum ya je shafin masu gina manhajoji na Google ya yi wa tasa rajista kamar shi ne ya ƙirƙire ta, ya karɓo lambobin shaida, sannan ya ba da izini a burauzar da ke jin JavaScript. Thunderbird ba ta da wannan matsalar, don da injin burauza a cikinta, shafin izini kawai zai faɗo ka cike. Shi ya sa mafi yawan shawarar da gwanaye ke ba sababbi ita ce a ɗauki harafi 16 ɗin a huta.

Wasu sun yi fushi sun bar Gmail ɗungurungum. Wanda zai yi haka, tambayarsa ta farko ga sabon mai masauki ita ce ko yana ba da IMAP da kalmar sirri ta manhaja. Fastmail yana bayarwa, amma da kuɗi. Proton Mail sai ta wata manhajar gada da masu biya kaɗai ke samu. Tuta ba ya bayarwa sam. Sunan kamfani a fagen tsare sirri ba ya gaya maka ko Alpine za ta iya shiga.

Burauza ba ta tsira haka ba

A ɓangaren yawo a intanet babu wata ƙa'idar da ke tilasta wa mai shafi ya ba ka rubutunsa tsurarsa. Halin mai burauzar rubutu halin ɗan haya ne da ba shi da takarda: yana zaune lafiya har ranar da mai gida ya ga damar sauya kwaɗo.

Sauran 'yan gidan ba su magance wannan ba. Links, ta Mikuláš Patočka daga Jamhuriyar Cek, da reshenta ELinks, da w3m ta Akinori Ito daga Japan, duk sun fi Lynx iya zana tebur da ginshiƙai yadda mai shafi ya tsara su. Ga mai gani wannan ci gaba ne. Ga mai saurare sau da yawa koma baya ne, domin mai karanta baƙin allo layi yake bi daga hagu zuwa dama, sai ya haɗa rabin jimlar ginshiƙin farko da rabin ta na biyu ya karanta maka su a matsayin magana ɗaya. Lynx da ke zubo komai a jere, abin da ake yi mata gori a kai, shi ne ya sa ta fi dacewa da kunne. Ana iya gyara ELinks ta daina zana tebur, kuma ita Klaus Knopper ya sa a ADRIANE, tsarin makafi na Linux ɗinsa mai suna Knoppix, wanda ya gina tare da matarsa Adriane mai lalurar gani. Amma gyara ake yi, ba haka take zuwa ba.

Wadda ta fita daban ita ce edbrowse. Karl Dahlke, makaho mai rubuta manhajoji a Amurka, ya fara ta a farkon shekarun 2000 bisa wani tunani mai kaifi: in ba ka ganin allo, me ya sa za a zana maka allo sannan a kawo wata manhajar ta fassara maka zanen? Sai ya gina ta a kan salon ed, tsohon editan Unix mai aiki layi-layi. Ka buga b da adireshi, shafi ya shigo ya kwanta kamar fayil mai lambobin layi, shiru, sai abin da ka nema za a faɗa maka. Mahaɗai suna cikin baka masu lanƙwasa, guraben cikewa suna tsakanin alamun < da >. Ka je layin da gurbi yake ka buga i= da abin da kake son rubutawa, i* ya danna maɓalli, g ya bi mahaɗi. Tana karɓar imel tana aikawa, kuma tana gudanar da JavaScript. Masu kula da ita sun sauya mata inji daga SpiderMonkey zuwa Duktape zuwa QuickJS suna bin zamani. Shafuka da dama da Lynx ke gani fanko suna buɗewa a cikinta. Amma 'yan sa-kai ƙalilan ne ke tsere da kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi, kuma manyan shafuka masu nauyi suna yawan fin ƙarfinta. Koyonta ma sai an daure.

Sannan ga shingayen da ke tambayarka ka tabbatar kai mutum ne. A binciken WebAIM ɗin nan, CAPTCHA ce ta zo kan gaba a jerin abubuwan da suka fi damun masu karanta allo, kuma ta daɗe a wannan matsayin. Masu burauzar zamani aƙalla suna iya neman ta murya. Mai Lynx ko shingen ba ya gani, sai dai shafi ya ce masa ya kunna abin da ba shi da shi.

Akwai gaskiyar da masoya baƙin allo ba su cika son ji ba. Abin da NVDA da JAWS ke yi a kan Firefox ko Chrome shi ne su kwashe shafin bayan JavaScript ya gama gina shi, su shimfiɗa shi a jere kamar takarda, ka bi shi da kibiya, h ya kai ka kan magana na gaba, e gurbin rubutu, a NVDA kuma k mahaɗi. Wato burauzar rubutu ce a aikace, wadda ke da cikakken inji a ƙarƙashinta. Orca tana yin irin wannan a Linux. Wannan ne ya sa burauzoji na musamman don makafi, irin Home Page Reader da Chieko Asakawa ta jagoranci ginawa a IBM a ƙarshen shekarun 1990, suka yi zamaninsu suka wuce. NVDA kuma, wadda Michael Curran ya fara a Ostareliya a 2006 James Teh ya mara masa baya, kyauta ce.

Don haka abin da mafi yawan waɗanda suka fita daga wannan lamari da sauƙi suka ƙare da shi ba manhaja ɗaya ba ce. Imel a Alpine, Mutt ko Thunderbird ta hanyar IMAP. Karatu mai tsawo a Lynx ko edbrowse: Wikipedia, har da ta Hausa, tana buɗewa tsaf, haka lite.cnn.com da text.npr.org da aka yi su zallar rubutu da gangan. Sannan Firefox ko Chrome da mai karanta allo a ajiye a gefe, ko waya da mai karanta allonta, TalkBack ko VoiceOver, don banki da sayayya da karɓo mabuɗi. Wanda ya ƙi koyon wannan na ukun saboda kishin baƙin allo, shi ne ya fi kowa dogara da masu gani a ƙarshe, abin da tun farko ya shiga Linux don ya guje masa.

A wajenmu lissafin yana ɗan sauyawa, amma ba ya juyewa. Makaho a Kano ko Maraɗi yawanci ta wayar Android ya fara shiga intanet, kwamfutar da za ta zo hannunsa kuma ta hannu ce, ga tsadar data ga wutar da ba ta da alƙawari. Wannan yana ƙara wa kayan rubutu daraja. Da ɗan shiri irin mbsync za ka sauke saƙonninka duka lokacin da netwok ya samu, ka karanta su a Mutt bayan ya ɗauke. Sai a tabbata an saita baƙin allon da manhajar imel ɗin a kan UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iso a matsayin tarkace, muryar Turancin da dama can take karya Hausa ta ƙara rikicewa. Duk da haka, cibiyar da ke koyar da makafi kwamfuta in ta fara da Lynx ta bar NVDA, ta cuci ɗalibanta, domin rajistar jarrabawa da neman aiki da biyan kuɗin makaranta duk a shafukan da ke buƙatar JavaScript ake yinsu, ofisoshin da za su ɗauke su aiki kuma Windows suke amfani da ita. Baƙin allo darasi na biyu ne, ga wanda ya nuna sha'awa.

Kusan shekara guda bayan rufe sassauƙar fuskar, a tsakiyar Janairun 2025, Google ya fara buƙatar JavaScript a shafinsa na bincike ma. Hujjar ita ce kare kai daga na'urorin da ke kwasar sakamako, kuma kamfanin ya ce binciken da ake yi ba tare da JavaScript ba bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba. Masu Lynx suka buga tambaya suka sami shafin da ke ce musu su kunna abin da burauzarsu ba ta da shi. A wannan karon gyaran bai ɗauki lokaci ba: aka buɗe lynx.cfg, fayil ɗin saitin Lynx, aka mayar da shafin farawa lite.duckduckgo.com. Saƙonninsu na Gmail kuwa suka ci gaba da shigowa ta lamba 993, domin wannan sauyin bai taɓa IMAP ba.